Kwikwiyo a gida: kuɗin saye ne babba ko na riƙo?

Baban Ilham: Assalamu alaikum jama'a. Tambayata ga likitocin dabbobi da masu kiwon karnuka na zauren nan. Gida ne mai katanga a gefen gari, wajen Tirwun a Bauchi, da yara ƙanana, ana so a kawo kwikwiyo ya girma ya zama mai gadi. Ban da kuɗin sayensa, me ake kashewa a shekarar farko, kuma wane aiki zai hau kan mutanen gida? A yi mana dalla-dalla don Allah.

Dakta Sa'adatu: Wa alaikumus salam Baban Ilham. Kuɗin saye shi ne ƙarami a lissafin, sau ɗaya ake biyansa a wuce wurin. Bari mu fara daga ranar ɗauko shi, don a nan aka fi tafka asara.

Kada a karɓi kwikwiyon da bai cika sati 8 ba. Masu sayarwa suna son rabuwa da su tun suna sati 4 ko 5, saboda daga nan ne ciyarwa ke fara cin aljihu. Wanda aka raba da uwa da wuri, ga rauni, ga shi bai koyi sassauta cizo ba, domin wajen wasa da 'yan'uwansa yake koyon haka. In ka je dubawa, ɗaga leɓensa ka kalli dasashi: ya zama ja-ja mai haske, ba fari fat ba. Farin dasashi ƙarancin jini ne, ko tsutsa ko kaska. Ciki ya yi tulu alhali haƙarƙari a waje, tsutsar ciki ce. Duba ƙarƙashin wutsiya ko akwai busasshen zawo, taɓa cibiya ko ta kumbura. Sannan ka ce a nuna maka uwar. In an fara kame-kame, juya ka tafi.

Allurai kuwa: ta farko mai suna DHLPP, rigakafin cututtuka biyar a haɗe, tsakanin sati 6 zuwa 8, a maimaita duk bayan sati 3 ko 4 har ya kai sati 16. Galibi sau uku ke nan. Allurar ciwon hauka in ya cika wata 3, daga nan duk shekara. Maganin tsutsa duk sati biyu har ya kai sati 8, sai wata-wata har wata 6, sai duk bayan wata 3 iya rayuwarsa. Da nauyi ake ba da shi, ba da ido ba. Ka hau sikeli riƙe da shi, ka hau kai kaɗai, ka cire.

Ishaku Yelwa: Ƙari kan maganar Dakta, a kula da katin allura. Buga kati ba wuya. Katin gaskiya yana ɗauke da 'yar takardar da aka ɓanɓaro daga jikin kwalbar maganin, da lambarta, da ranar lalacewarta, da sa hannun likita. In ka ga an rubuta "an yi" da biro kawai, ɗauka ba a yi ba, a fara daga farko.

Kawu Sale Mafarauci: Ni fa wannan dogon lissafi na karnukan Turawa ne. Karen gida wa ya taɓa kai shi asibiti? Ga su nan a Inkil da Gudum suna bin garke, suna shiga daji, ƙalau. A samo ɗan gida kawai, a huta.

Dakta Sa'adatu: Kawu, ranka ya daɗe, rabin maganarka na sa hannu. Karen gida ya fi jure zafin Maris da Afrilu, ya fi jure zazzaɓin kaska, cinsa kaɗan ne, kuma wajen sanar da baƙon motsi da dare babu wanda ya fi shi kunne. Ga yawancin gidajen Bauchi shi zan zaɓa. Amma waɗanda kake gani suna yawo, waɗanda suka tsira ne. Karya ta haifi shida ko bakwai, nawa ke kaiwa shekara? Ba a ƙirga waɗanda aka jefar a bola.

Abin da ke kwashe su shi ne cutar fabo (parvo), ɗaya daga cikin waɗanda allurar DHLPP ke karewa. Kwikwiyo ya ƙi abinci yau, gobe amai, jibi zawo mai jini mai wani irin ƙarni da ba a mantawa. Ƙwayar cutar tana cinye fatar cikin hanji, ruwan jiki ya ƙare. Jinyarta ita ce ƙarin ruwa da maganin amai da na kare jini daga ƙwayoyin hanji, kwana biyar zuwa bakwai ana fama, kuma ba tabbas. Kuɗin jinyar nan ya ninka na alluran rigakafin uku. Shi ya sa kafin allura ta ƙarshe ta yi sati biyu, kada ya taka waje, kada baƙon kare ya shigo. Ko a tafin takalmi ana kawo ta. In ta taɓa kashe kwikwiyo a gida, tana zama cikin ƙasa watanni, a inuwa har shekara. Daɓen siminti a kwashe ƙazanta tukun, a wanke da Hypo ko Jik, kashi 1 cikin kashi 30 na ruwa, a bar shi minti 10 kafin a ɗauraye. Turɓaya kam ba ta wankuwa.

Kawu Sale Mafarauci: To na ji ta fabo. Amma ai ana sayar da allurar a shagunan maganin dabbobi. Mai yi wa shanu allura zai kasa yi wa kwikwiyo?

Ishaku Yelwa: Ba tsirawar ce matsala ba Kawu, sanyin ne. Maganin rigakafi yana son sanyi tsakanin digiri 2 zuwa 8 tun daga masana'anta har jikin kare. Da yadda wuta take a garin nan, firjin da ya kwana biyu a kashe ya mai da shi ruwa, kuma ido ba ya ganewa. Wanda ya daskare shi ma ya lalace. In za a kai maka gida, ya zo cikin kula da ƙanƙara, a haɗa shi a gabanka. Ta ciwon hauka kuwa a bar wa likita, saboda takardar shaida. Ranar da kare ya ciji ɗan maƙwabci, takardar nan ce za ta yi magana a gaban mai unguwa ko 'yan sanda. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom da ke Filato tana yin wannan allura, kuma wajen 28 ga Satumba, ranar yaƙi da cutar ta duniya, akan yi gangamin rigakafi. A riƙa tambaya a asibitin dabbobi na gwamnati.

Malam Auwal: Kafin a yi nisa, a tuna da hukunci. Hadisi ya inganta cewa wanda ya ajiye kare ba don farauta ko kiwo ko gona ba, ana rage masa lada kullum. Malamai da yawa sun yi ƙiyasin gadin gida a kan waɗannan in akwai buƙata ta gaske. A mazhabar Malikiyya jikin kare mai rai ba najasa ba ne, amma in ya sa baki a ƙwarya ana wanke ta sau bakwai. Saboda haka a ware masa kwanonsa, a yi masa wurinsa a tsakar gida ko bayan gida, ba falo ba. Kuma wanda ya ɗaure dabba, ci da shanta sun zama wajibi a kansa.

Baban Ilham: Allah ya saka Malam. To abinci fa? Nan ne nake jin tsoro.

Ishaku Yelwa: Da gaskiyarka. Farashi yana canzawa kowane wata, don haka ga lissafi da awo, ka je kanti ka ninka da kanka. Buhun busasshen abincin kare mai kilo 15 za mu ɗauka. Karen gida da ya girma, mai kilo 15, yana cin kusan giram 240 a rana, buhu ya yi masa wata biyu, buhu 6 a shekara. Mai kilo 25 zuwa 30, irin Alseshan, giram 350 zuwa 400, buhu ya yi kwana 40, wajen buhu 9 a shekara. Bowabul, ƙaton kare mai kilo 60, yana lashe kusan giram 700, buhu sati uku, wajen buhu 17 a shekara. Kuma tsakanin wata 4 zuwa 10, lokacin da yake miƙewa, cinsa yana kai na babba ko ya wuce. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Mutane suna sayen babban kare don suna, bayan wata shida ka gan shi ƙashi da fata ana ba shi ƙanzo.

Kokeshiyan kuma, mai gashin nan kamar tunkiya, karen duwatsu masu ƙanƙara ne. A Jos ma lallaɓa shi ake yi, balle Bauchi da zafi ke taɓa digiri 40.

Maman Walid: Oga Ishaku, ba kowa ke da kuɗin buhu ba, kuma girkin gida yana riƙe kare sarai in an yi shi daidai. Ga yadda ake haɗawa. Rabin tukunya hatsi: garin masara ko dawa ko tsakin shinkafa, a dafa ya yi luguf. Kashi ɗaya cikin uku ko fiye, abin da ya fito daga dabba: tumbi, huhu, ƙwai, kan kifi da aka dafa aka daka har ƙaya ta narke. Ragowar kabewa ko karas, da cokali ɗaya na mai. Hanta kaɗan, sau biyu a sati ya isa, yawanta yana sa zawo. A yi yarjejeniya da mahauci guda a kwata ko a kasuwar Muda Lawal ya riƙa ajiye maka, ya fi araha. A dafa na kwana uku in akwai firji, in babu kullum.

Ba albasa, ba tafarnuwa, ba dunƙule, ba yaji. Wato ragowar miyar gida ba abincinsa ba ce, don kusan babu miyarmu da ba albasa, ita kuwa tana fasa jajayen ƙwayoyin jininsa a hankali. Kwikwiyo sau 4 a rana har wata 3, sau 3 har wata 6, daga nan safe da yamma. A ajiye kwano minti 15, in bai cinye ba a ɗauke. Ruwa kuwa kada ya yanke ko na awa ɗaya.

Dakta Sa'adatu: Hajiya kin kawo shi daidai, saura abu guda da ke karya girkin gida: sinadarin ƙashi. Hatsi da nama duk ba su da isasshen kalsiyam. Kwikwiyon da ake ba tuwo da nama zalla, wajen wata 3 zuwa 5 za ka ga ƙafafun gaba sun gwame, yana taka ƙasa da wuyan ƙafa, wani ma ya karye daga ɗan tsalle. Maganin yana cikin bola: ɓawon ƙwai. A wanke, a shanya, a gasa kaɗan, a daka ya zama gari. Rabin ƙaramin cokali ga kowane rabin kilo na abinci. Amma mai cin abincin buhu na 'yan kwikwiyo kada a ƙara masa komai, yawan kalsiyam yana lalata gaɓoɓin manyan karnuka.

Kayan ciki kuma lallai a dafa. Huhu ko hantar da ke da ƙululu mai ruwa a ciki, irin wanda mahauta ke yankewa su jefa wa karnuka, 'ya'yan tsutsa ne a cikinsa. Kare ya ci, tsutsar ta girma a hanjinsa, ƙwanta ya fita a kashi, yaro ya taɓa ya kai baki, ƙululun ya tsiro a hantar mutum. Madarar shanu tana sa yawancinsu zawo. Ƙashin kaza dafaffe yana tsagewa ya huda hanji. Goro, cakulan, inabi da zabibi duk guba ne gare shi. Kuma kada a ba shi farasitamol ko ibufurofen ko diklofenak don an ga jikinsa da zafi. Zafin jikin kare na lafiya digiri 38 zuwa 39 ne, ya fi namu.

Usman Birkila: Ɓangarena ɗaki. Na babban kare, ƙafa 6 da ƙafa 10 shi ne mafi ƙanƙanta, tsayi yadda mutum zai shiga da tsintsiya bai sunkuya ba, don ɗakin da ke da wuyar shiga ba a share shi. Bulo layi huɗu ko biyar, sama raga mai kauri don iska. Daɓe ya ɗan gangara zuwa magudana, kada a goge shi ya yi santsi, ƙafafun kwikwiyo suna baɗewa. A yi filasta ciki da waje, a toshe kowace tsaga. Kwano ba sili a watan Afrilu tanda ce, a gina ƙarƙashin dalbejiya ko a shimfiɗa zana a sama. A sa katako ya ɗaga daga ƙasa don kwanciya, da buhu ko tsohon bargo saboda sanyin hunturu. A duba ƙasan get ma, tazarar da ta wuce faɗin tafin hannu kwikwiyo zai fice.

Ishaku Yelwa: Maganar tsaga da Usman ya yi, saboda kaska ce. Kaskar kare ba a daji take ba, a bango take. Macen in ta ƙoshi da jini sai ta sauka ta haura bango ta shige tsaga ta zuba ƙwai dubbai. Ka wanke kare tas, bayan kwana uku sun dawo. Dole a yi wa kare da ɗakin magani rana ɗaya, a maimaita bayan sati biyu. Duba cikin kunne, tsakanin yatsu da ƙarƙashin wuya, musamman da damina. Amitiraz da ake wanka da shi ba na wanda bai kai wata 4 ba ne. Ƙanana a nemi feshin fifronil. Sniper da fiya-fiya da maganin feshin gona kada su kusanci jikinsa, ta fata suke shiga, sai dalala da karkarwa da mutuwa. Haka ibamektin (ivermectin), maganin tsutsa na shanu, ƙarfinsa ya yi yawa a ce za a kintata wa kwikwiyo mai kilo 3. Shinkafar ɓera ma a san inda ake zuba ta.

Akwai kuma ƙudan da ke yin ƙwai a turɓaya mai danshin fitsari. Tsutsar ta shiga fatar ciki, ka ga ƙuraje kamar maruru, kowanne da ɗan rami a tsakiya yana motsi. A toshe ramin da Vaseline, ta rasa iska ta leƙo, a matse a hankali ta fito ɗungurungum. Kada ta fashe a ciki.

Maman Walid: Duk an yi maganar kuɗi, ba a faɗi kan wa aikin zai faɗa ba. Yara za su yi rantsuwa su ne za su kula, sati biyu ɗoki ya ƙare, maigida ya fita tun safe. Uwar gida ce za ta kwashe kashi. Baban Ilham, a nemi yardarta tukun, ba sanarwa ba. Kwikwiyo ɗan wata 2 ba ya riƙe fitsari fiye da awa biyu. In ana so ya koyi wuri ɗaya, a kai shi can da ya farka, da ya gama ci, da ya gama wasa, a yaba masa nan take in ya yi. Duka bayan ya riga ya yi ba ya koya masa komai sai ɓoyewa. Daren farko uku ko huɗu zai yi ta kuka, maƙwabta su ji. Daga wata 4 zuwa 7 yana famfara, haƙora 28 na nono suna zubewa 42 suna fitowa, komai ya samu sai ya tauna: takalman baƙi a ƙofar falo, buta, tiyo, wayar janareta. A ba shi abin taunawa nasa. Kashi a kwashe kullum, yara su wanke hannu da sabulu, kada su yi yawo ba takalmi inda yake yi. Sannan tafiyar Sallah ko biki Azare ko Misau, wa za a bar wa? Rayuwar kare shekara 10 zuwa 13 ake magana fa.

Abba Gwallameji: Tambaya. An ce in ana so ya yi zafi a kulle shi a duhu kada ya ga mutane, wasu har barkono ko wiwi suke sa masa a abinci. Gaskiya ne?

Ishaku Yelwa: Abba, wannan ba mai gadi yake samarwa ba, matsoraci yake samarwa, kuma matsoracin kare shi ke cizon yaran gida da almajirin da ya shigo ɗaukar kwano. Tsakanin sati 3 zuwa 14 ne kwikwiyo ke tantance abin da zai ɗauka na gida. A cikin wannan lokaci ya saba da duk mutanen gidan, da kaji, da tumaki, da ƙarar babur da janareta. Wanda bai san kaza yana ƙarami ba, ranar da ya girma kajin maƙwabta sun shiga uku, kai kuma ka shiga biya. Gadi halinsa ne, zai fito da kansa wajen wata 8 zuwa shekara. Abin da za ka koya masa shi ne zo, zauna, bari, minti biyar sau biyu ko uku a rana, kowa a gida da kalma iri ɗaya. Ɗaurin sarƙa dare da rana ma yana ƙara cizo. Kuma yaro ɗan ƙasa da shekara 6 ba a barinsa shi kaɗai da kare, komai sabo, ballantana lokacin da yake ci.

Nas Hauwa: Tunda an zo cizo. Ko yaƙushi ne da ya fasa fata, a wanke da sabulu da ruwa mai gudu minti 15 cur, a duba agogo, sannan a tafi asibiti ranar. Ba a ɗaure raunin tam, ba a ƙona gashin karen a shafa. Allurar ciwon hauka ta mutum ana farawa ranar farko, sai rana ta 3, ta 7, da sauran da za a rubuta, kuma jimlarta ta fi ta kare tsada nesa ba kusa ba. In raunin mai zurfi ne ko a fuska ko hannu, akwai wata da ake yi cikin raunin kansa. Kada a kashe karen in ana iya kulle shi, a sa masa ido kwana 10, amma ba a jiran kwanakin kafin a fara allura. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum kusan 59,000 ke mutuwa da cutar duk shekara, kusan kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da 15. Da zarar alamu sun bayyana, sai dai addu'a. A gaya wa yara ba za a doke su ba in sun faɗi kare ya cije su, don ɓoyewa suke yi.

Dakta Sa'adatu: Kuma ba kowane mahaukacin kare ke bin mutane da gudu ba. Wani shiru zai yi, muƙamuƙi ya saki, yawu na zuba, kamar ƙashi ya maƙale masa. Sai mai shi ya zura hannu zai ciro. Kada a yi. A kulle, a kira likita.

Baban Ilham: Na gode ƙwarai jama'a. Ta ƙarshe: mace ko namiji?

Dakta Sa'adatu: Mace ta fi zaman gida, amma daga wata 6 zuwa 12 za ta fara neman namiji, sau biyu a shekara, sati biyu zuwa uku kowane karo, karnukan unguwa su yi sansani a ƙofarka. Ciki kwana 63 ne, sai ka wayi gari da bakwai, kowanne da nasa allurai. Namiji kuma shi ke haura katanga, ya dawo da rauni ko da wani ciwon tsiro mai zubar jini a al'aura da suke ɗauka wajen barbara, wanda jinyarsa allura ce ta jijiya sati-sati. Ko wanne ka ɗauka, sa kuɗin fiɗiya ko cire mahaifa cikin lissafin shekarar farko. Na namiji ya fi sauƙi da araha. Ƙaramin kare wajen wata 6, manyan iri a jira su kusa shekara ƙashi ya gama ƙwari. A asibiti za a yi, da allurar barci, a hana shi abinci tun daren jiya, zare kuma a cire bayan kwana 10 zuwa 14.